Shaidar da Gwamna Filini Ya Bayar a Kan Masu Bi na Bitiniya

Yau za mu koma baya cikin tarihin ikilisiya, fiye da shekara 1,900, mu ziyarci 'yan'uwanmu masu bi na wata ƙasa da ake kira Bitiniya. Wanda yake da Littafi Mai Tsarki kusa, ya buɗe 1 Bitrus sura 4 ya sa alama, gama za mu dawo wurin kafin mu rufe.

Ga abin da ya sa na ɗauko wannan labari. Duk inda na je wa'azi, ƙauye ko birni, kuka ɗaya nake ji: zamani ya lalace, ba a riƙon amana, mai gaskiya shi ne wawa. Wani ɗan'uwa da bai daɗe da samun aiki ba ya taɓa ce mini, "Malam, a wurin aikinmu kowa yana ci. In ban ci ba, za su ce ni ne mai kai rahoto, su san yadda za su yi a kore ni." Ya ƙara da cewa ai zamani riga ne. Ban raina damuwarsa ba, domin yana da mata da 'ya'ya biyu, ga kuma tsohuwarsa a gida. Amma na gaya masa akwai waɗanda suka riga shi shiga irin wannan hali. Wanda ya rubuta mana shaidarsu kuwa shi ne gwamnan da ya yanke wa waɗansunsu hukuncin kisa.

Ina ne Bitiniya?

Bitiniya da maƙwabciyarta Fontus suna arewacin ƙasar da ake kira Turkiyya a yau, a bakin tekun Bahar Aswad. Romawa suka haɗa su biyu a ƙarƙashin gwamna ɗaya. Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun san sunayen nan. A ranar Fentikos akwai mutanen Fontus cikin taron da ya ji wa'azin Bitrus (Ayyukan Manzanni 2:9). Akila, abokin aikin Bulus, mutumin Fontus ne (18:2). Bulus da abokan tafiyarsa sun so su shiga Bitiniya, amma Ruhu bai yardar musu ba (16:7). Duk da haka bishara ta shiga, gama sa'ad da Manzo Bitrus ya rubuta wasiƙarsa ta fari, Fontus da Bitiniya suna cikin ƙasashe biyar da ya aika wa (1 Bitrus 1:1).

Halin da ƙasar take ciki

Sarkin Roma mai suna Tirajan ya yi mulki daga shekara ta 98 zuwa ta 117 bayan haihuwar Almasihu. Wajen shekara ta 110 ya aiki wani lauya mai suna Filini ya zama gwamnan lardin, domin kuɗin birane yana ta ɓacewa, ba a ganin aiki. Tun kafin wannan, mutanen lardin sun kai ƙarar tsofaffin gwamnoninsu biyu a Roma a kan zalunci da karɓar toshi, Filini ɗin ne ma ya tsaya wa gwamnonin lauya. Saboda haka ya san halin ƙasar tun bai taka ta ba. Da ya iso, sai ya riƙa rubuta wa sarki wasiƙa a kan duk abin da ya dame shi, sarki yana aiko da amsa. Waɗannan wasiƙu suna nan har yau, ana karanta su a makarantu.

Ku ji kaɗan daga abin da ya tarar. A Nikomidiya, babban birnin lardin, an kashe kuɗinsu da ake kira sestas har 3,318,000 a kan magudanar da za ta kawo wa birnin ruwan sha. Ba a gama ba aka watsar. Aka sake fitar da 200,000 aka fara wata, ita ma aka watsar. A birnin Nikiya an zuba fiye da sestas miliyan 10 a ginin gidan wasa, tun ba a gama ba bango ya tsage, ginin ya fara nutsewa. Domin ku gane nauyin kuɗin, albashin sojan Roma a lokacin sestas 1,200 ne a shekara. Kuɗin gidan wasan nan kaɗai ya isa a biya soja fiye da 8,000 albashin shekara guda. Da sarki ya ji zancen ruwan Nikomidiya, ya umarci Filini ya bincika ko laifin wane ne, gama ya yi zaton manyan gari ne suke yi wa juna alfarma da dukiyar jama'a. Wanda ya taɓa ganin rijiyar burtsatse da aka buɗe da kiɗa da rawa amma ba ta taɓa ba da ruwa ba, ko asibitin da ciyawa ta cinye tun ba a sa masa rufi ba, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Lalacewar ba ta tsaya a kan kuɗi ba. Wata rana gobara ta tashi a Nikomidiya ta cinye gidaje masu yawa. Filini ya rubuta cewa mutane tsayawa suka yi suna kallo, kuma a dukan birnin babu ko bokitin kashe wuta da hukuma ta tanada. Ya roƙi izini ya kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta mutum 150, sarki ya ƙi, domin yana tsoron kowace ƙungiya za ta iya juyewa ta zama ta tawaye. Ku riƙe wannan, zai shafi masu bi nan gaba. Akwai kuma wata wasiƙa a kan jariran da iyayensu suka yar, waɗansu suka tsince su suka rene su a matsayin bayi. Abin ya yi yawa har ya zama matsalar shari'a a lardin.

A cikin irin wannan ƙasa 'yan'uwanmu suke noma, suke cin kasuwa, suke renon 'ya'yansu.

An kawo ƙarar masu bi

Wajen shekara ta 112 aka fara gurfanar da mutane a gaban Filini, laifinsu wai su Kirista ne. Shi da kansa ya gaya wa sarki bai taɓa zama a irin wannan shari'a ba. Ga yadda ya yi. Yakan tambayi mutum ko shi Kirista ne. In ya amsa, sai ya sake tambayarsa na biyu da na uku, yana yi masa barazana. Wanda ya tsaya a kan maganarsa, sai a tafi da shi a kashe. Waɗanda suke da 'yancin zama 'yan Roma, irin na Bulus, aka rubuta sunayensu domin a aika da su Roma.

Da labari ya bazu, ƙararraki suka ƙaru. Har wani ya kawo takarda cike da sunaye, bai sa hannu ba. Sai gwamna ya ƙirƙiro gwaji. Ya sa aka kawo siffar sarki da gumakan alloli. Duk wanda ya kira sunan alloli, ya miƙa turare da ruwan inabi a gaban siffar sarki, ya kuma zagi Almasihu, sai a sake shi. Filini ya ce an gaya masa ba a iya tilasta wa Kirista na ainihi ya yi ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Kada mu ɓoye gaskiya, ba duka ne suka tsaya ba. Waɗansu suka ce ba su taɓa zama masu bi ba. Waɗansu suka ce dā suna bi, amma sun bari shekara 3 da suka wuce, waɗansu fiye da haka, har akwai masu cewa shekara 20. Dukansu suka yi wa siffar sarki sujada, suka zagi sunan Ubangiji. Filini ya yi murna, ya shaida wa sarki cewa haikalin gumaka da aka ƙaurace wa sun fara cika, naman hadaya kuma da dā da wuya a sami mai saye ya fara samun kasuwa. Daga nan ana iya gane cewa bangaskiyar masu bi ta taɓa aljihun waɗansu, kamar yadda ta taɓa na maƙeran azurfa a Afisa (Ayyukan Manzanni 19).

Abin da bincike ya tono

Filini lauya ne, yana so ya san ainihin muguntar da mutanen nan suke aikatawa a ɓoye. Sai ya tambayi waɗanda suka bar bangaskiya. Ku lura da kyau, 'yan'uwa. Waɗannan mutane sun riga sun yi mūsun Almasihu. Ba su da sauran dalilin rufa wa ikilisiya asiri. Da sun san wani abin kunya, faɗinsa ma zai ƙara wanke su a gaban gwamna.

Ga abin da suka faɗa. Sukan taru a wata rana da aka keɓe, tun gari bai waye ba. Sukan rera waƙa ga Almasihu kamar ga Allah, waɗansu suna bayarwa waɗansu suna amsawa. Sa'an nan su ɗaure kansu da alkawari a kan abu biyar: ba za su yi sata ba, ba za su yi fashi ba, ba za su yi zina ba, ba za su karya maganar da suka yi ba, kuma in aka ba su ajiya, ba za su yi mūsu ba ranar da mai ita ya zo karɓa. Daga nan su watse, su sake haɗuwa daga baya su ci abinci tare, abinci irin na kowa. Wannan cin abincin ma sun daina shi tun da gwamna ya hana ƙungiyoyi bisa ga umarnin sarki.

Filini bai gamsu ba. Ya sa aka kama bayi mata biyu waɗanda masu bi suke kira masu hidima, aka gana musu azaba domin su tona asiri. Bai rubuta sunayensu ba, amma Ubangiji ya san su. Bayan azabar duka, ya ce bai sami kome ba sai wani addini da shi yake gani camfi ne da ya wuce gona da iri. Sai ya dakatar da shari'ar ya nemi shawarar sarki, domin mutanen da abin ya shafa suna da yawa: yara da manya, maza da mata, masu hali da talakawa, a birane da ƙauyuka har da karkara.

Gwamnan da aka aiko ya binciki ɓarayin dukiyar jama'a, ga shi ya tarar da jama'ar da take tashi da asuba ta yi alkawarin ba za ta yi sata ba, ita ce kuma yake kashewa.

Sarki ya amsa a taƙaice. Kada a bi su gida gida ana farauta. In an kawo ƙararsu aka tabbatar, a hukunta su. Wanda ya yi mūsu ya yi wa alloli sujada, a yafe masa. Takardar da ba a sa wa hannu ba kuwa, kada a karɓe ta. Wajen shekara ta 197 wani mai bi ɗan Afirka, Tatuliyan na birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya nuna yadda hukuncin nan yake cin karo da kansa. In masu laifi ne, don me aka hana nemansu? In ba su da laifi, don me ake hukunta su?

Zancen ajiya

Bari in ɗan tsaya a kan alkawari na biyar. A zamanin nan, mutumin da zai yi doguwar tafiya yakan bar kuɗinsa ko kayansa a hannun aboki, sau da yawa ba takarda, ba shaida. Wani marubucin Roma mai suna Jubenal, wanda ya yi zamani da Filini, ya yi rubutu a kan wani mutum da abokinsa ya cinye masa ajiyar sestas 10,000. Ya nuna masa cewa wannan abu ya zama ruwan dare, abin mamaki ma shi ne a ga wanda ya mayar da ajiya cif. Masu bi na Bitiniya sun san Allah ya riga ya yi magana a kan wannan. A Littafin Firistoci 6:2-5, wanda ya yi wa maƙwabcinsa ƙarya a kan ajiya, Ubangiji ne ya ci wa amana, sai ya mayar da abin duka, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Ajiya tana gwada mutum a inda ba mai ganinsa. Bawa matalauci da yake riƙe da jakar kuɗin wani, mai jakar kuma ya yi shekara bai dawo ba, shi kaɗai da Allahnsa suka san abin da ke ciki.

Bitrus ya riga ya shirya su

Yanzu mu koma wurin da muka sa alama. Kusan shekara 50 kafin zuwan Filini, Bitrus ya rubuta wa iyaye da kakannin mutanen nan. A sura 4 aya 3 da 4 ya tuna musu irin zaman da suka baro, na fasikanci da buguwa da bautar gumaka, ya faɗakar da su cewa tsofaffin abokansu za su yi mamakin janyewarsu, har su zage su. A sura 2 aya 12 ya gargaɗe su su kyautata halinsu a cikin al'ummai, domin masu kushensu su ga ayyukansu da idonsu. A sura 4 aya 15 da 16 ya raba wahala gida biyu. Akwai wadda mutum yake sha saboda kisan kai, ko sata, ko mugunta, ko shisshigi, kada wannan ta sami mai bi. Akwai kuma wadda yake sha saboda sunan Kirista, wannan ba abin kunya ba ce. Ku ajiye ayoyin nan kusa da wasiƙar gwamna, za ku ga ikilisiyar Bitiniya ta ji gargaɗin manzo ta kuma riƙe shi. Aka bincike ta da azaba, ba a sami laifi ba sai sunan.

Tsanani bai ƙare a nan ba. A ranar 23 ga Fabrairu, shekara ta 303, Sarki Diyokiletiyan ya sa aka rushe majami'ar Nikomidiya, daga nan tsanani mafi zafi ya bazu cikin daular. Amma a shekara ta 325, a Nikiya ɗin nan mai tsagaggen gidan wasa, shugabannin ikilisiya daga ƙasashe dabam dabam suka taru suka rubuta shaidar bangaskiya cewa Yesu Almasihu Allah ne na gaskiya. Abin da bayi suke rerawa da asuba a ɓoye, shi aka furta a fili.

Mu fa?

Tambayar da labarin nan ya bar mini ita ce: in aka kira waɗanda suka bar majami'unmu aka ce su ba da shaida a kanmu, me za su faɗa? Na taɓa hidima a wata ikilisiya inda aka yi shekara biyu ana tara kuɗin kwanon rufi. Mata suka sayar da wake da gyaɗa, matasa suka yi noman ƙodago. Wanda aka ba ajiyar ya juya kuɗin cikin kasuwancinsa, kuɗin ya nutse. Ni na sani, dattawa sun sani, muka yi shiru domin babban mutum ne. Daga baya wani saurayi ya daina zuwa sujada. Na bi shi gida ina yi masa wa'azi, ya bari na gama sarai, sa'an nan ya ce, "Malam, ina kuɗin kwano?" Ban sami amsa ba. Shiruna yana cikin abin da ya fitar da shi, na kuwa roƙi gafarar Allah da tasa.

Muna yawan kukan cewa ana ƙinmu saboda sunan Yesu, a wurare da yawa kuwa gaskiya ne, akwai gidajen da suke cikin makoki. Amma mu gwada kanmu da ma'aunin Bitrus. Mudun da aka bubbuga gindinsa, hatsin da aka haɗa da tsakuwa, kuɗin adashi da uwar adashi ta cinye, gonar marayu da ɗan'uwan uba ya riƙe ya ce tasa ce, kuɗin da uba ya biya domin a ba ɗansa amsa a jarrabawa, matar aure ko mijin aure da yake da wani a waje: duk wanda aka kama da ɗaya cikin waɗannan, kada ya ce tsanani ne. Akwai maƙwabtanmu da ba sa shiga majami'a, amma in ka ba su ajiya za ka same ta yadda ka bari. Ya kamata wannan ya ba mu kunya.

Akwai darasi biyu daga 'yan'uwanmu na Bitiniya. Na fari, sun yanke shawara tun kafin gwaji ya zo. A lokacinsu Lahadi ranar aiki ce, sai a shekara ta 321 Sarki Kwanstantin ya mai da ita ranar hutu. Shi ya sa suke taruwa da duhu, su yi alkawarinsu, sa'an nan kowa ya tafi kasuwa ko gidan maigidansa. Wanda ya bari sai an miƙo masa ambulan kafin ya fara tunani, da wuya ya mayar da ita. Iyaye, ku tara 'ya'yanku da safe, ku yi addu'a, ku kira abubuwan nan da sunansu.

Na biyu, ba su tsaya ɗai ɗai ba. Tare suka yi alkawarin, tare suke cin abinci. Ɗan'uwan nan da na ambata da farko, ban yi masa alkawarin ba za a kore shi ba, gama waɗansu masu bi na Bitiniya ransu ma suka rasa. Abin da na ce masa shi ne, in aka kore shi saboda gaskiya, nauyin gidansa ya zama na ikilisiya. Dattawa, Zumuntar Mata, matasa, in muna so 'ya'yanmu su ƙi cin haram, sai mu shirya mudun hatsi da kuɗin makaranta domin wanda ya rasa abinci saboda ya ƙi.

Kai kuma da kake saurarona, kana riƙe da abin wani, ƙofar tuba a buɗe take. Bitrus da ya rubuta wasiƙar nan ya yi mūsun Ubangijinsa sau uku, Ubangiji kuwa ya karɓe shi ya sake ba shi aiki. Ba halinmu ne yake cetonmu ba, jinin Yesu ne. Amma wanda aka gafarta wa, ya tashi ya mayar da abin da ba nasa ba, kada makon nan ya wuce.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba Mai Tsarki, mun gode maka saboda bayinka na Bitiniya da suka riƙe amana har ƙarshe. Ka gafarta mana inda muka sa aka zagi sunanka. Ka ba mu ƙarfin Ruhunka mu mayar da abin da muka riƙe, mu cika maganar da muka yi, mu tsare aurenmu, mu taimaki wanda yake shan wuya saboda gaskiya. Waɗanda suka bar ikilisiya saboda halinmu, ka komo da su. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.

Sai mun sake haɗuwa a shiri na gaba. Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.